Yadda Magidanci Zai Riƙe Kyakkyawan Fata a Lokacin Tsadar Rayuwa

Tun daga ranar 29 ga watan Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabinsa na karɓar mulki, lissafin kusan kowane gida a Kaduna ya dagule. Litar man da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin shekarar 2024 ta ƙare kuma ta kai naira dubu a gidajen mai da dama. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya sakar wa kasuwa farashin canji, dalar da gwamnati ke sayarwa kusan naira 460 ta zarce 1,500 a farkon 2024, sannan Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamban shekarar. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000, gwamnatin jihar Kaduna ta amince da 72,000, amma duk wanda ya shiga Kasuwar Sheikh Gumi, ko ta Kawo ranar Talata, da wannan kuɗi a aljihu, ya san iyakar inda za su kai shi.

A irin wannan hali, a ce wa mutum ya kwantar da hankalinsa kawai ba ya wadatarwa, domin hankali ba ya kwanciya da umarni. Abin da na yarda da shi shi ne, kyakkyawan fata yana zama ne a zuciyar wanda yake da abin kamawa: ya san abin da ke shiga hannunsa da abin da ke fita, ya san akwai hatsi a ɗaki ko da kaɗan ne, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa idan ta kai masa maƙura, ya kuma san cewa iyayensa sun ratsa irin wannan ƙunci sun fita. Dogaro ga Allah shi ne tushe, amma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure abinsa tukuna sannan ya yi tawakkali.

Ka fara da neman dattijo ɗaya a Kakuri ko Makera wanda ya yi aikin masaƙa, ka zauna da shi ka yi masa tambayoyi. Garin nan ya ga zamanin wadata. A shekarar 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe masaƙar KTL, daga baya Arewa Textiles da UNTL da wasu suka biyo, aka kafa kamfanin harhaɗa motocin Fijo a 1975, matatar mai ta fara aiki a 1980. Dubban mutane daga kowane lungu na Arewa, har da Kudu, sun ci abinci a wannan yanki. Sannan farashin ɗanyen mai ya faɗi, gwamnatin Shehu Shagari ta kawo tsuke bakin aljihu a 1982, aka yi zamanin bin layi don sayen madara da sabulu da shinkafa a 1984, Janar Babangida ya kawo shirin sauya fasalin tattalin arziki na SAP a 1986 darajar naira ta rikito. KTL ta rufe a 2002, sauran masaƙu suka riƙa bin ta ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin karkara kuwa za su ba ka labarin farin 1973, lokacin da rumbuna suka bushe, dabbobi suka yi ta mutuwa.

Kada ka tambaye shi ko sun sha wahala, wannan ka riga ka sani. Ka tambaye shi abin da ya sayar da abin da ya ƙi sayarwa, wanda ya tsaya masa, da abin da zai sauya da a ce yau ne. Amsoshin suna kama da juna ƙwarai. Wanda bai rabu da gonarsa ta ƙauye ba ya samu wurin komawa. Gidan da uwargida take da keken ɗinki, ko take tuyar ƙosai, ko take kiwon awaki, bai kwana da yunwa kamar na maƙwabta ba. Wanda ya sayar da gidansa don ya ci gaba da rayuwar da ya saba, shi ne ya fi kowa nadama. Dole ne kuma a faɗi ɗaya gefen maganar, domin ba kowa ne ya tsallake ba: tsofaffin ma'aikatan masaƙa da yawa sun rasu suna jiran haƙƙoƙinsu da ba a biya ba. Juriyar da ake yaba wa 'yan Najeriya da ita gaskiya ce, amma da tsada aka saye ta, kuma amfanin sanin tarihinta shi ne mu ɗauki dabarun da suka yi aiki, mu guje wa ramin da ya cinye wasu.

Bayan haka sai lissafi, kuma a nan ne yawancinmu muke da rauni. Ka sayi ƙaramin littafi na 'yan makaranta, ka rubuta duk abin da ya fita daga hannunka na wata guda cur, daga kuɗin cefane da na hawa keke zuwa kasuwa, har katin waya, da ruwan leda, da abin da ka miƙa a wurin suna. Ka sa uwargida ta riƙa rubuta nata, domin ita ta san mudu nawa na masara gidan ke ci a mako, ita ta san kwana nawa kwalbar manja take yi. Idan wata ya ƙare ku zauna ku biyu, ba a gaban yara ba, ku raba abin da kuka gani gida uku: abin da ba makawa sai an yi, kamar abinci da haya da magani da kuɗin makaranta, abin da za a iya ragewa, da abin da kunya kawai take sa a yi. Wannan kaso na uku yakan ba mutum mamaki. Magidanta da yawa suna ɓoye wa matansu ainihin abin da suke samu, suna ganin hakan ne mutunci, alhali ɓoyewar ce take haifar da zargi da faɗa a kan kuɗin cefane. Macen da aka nuna wa gaskiyar aljihu takan fi mijinta iya tattali. Fargabar abin da ba ka san girmansa ba ta fi ta wanda ka auna nauyi, saboda haka ko da lissafin ya nuna giɓi, barcinka zai fi na jiya.

Abinci ne ke cinye mafi yawan kuɗin talaka, don haka a kansa ya kamata a fi tsayawa. Kaduna tana cikin jihohin da suka fi noman masara a ƙasar nan, kuma kasuwannin hatsi irin na Saminaka da Giwa da Soba da Anchau ba su fi ƙarfin zuwa ba. Da kaka, daga wajen Oktoba zuwa Disamba, farashi yakan sauka, da bazara da tsakiyar damina kuma yakan hau. Wanda yake awo mudu-mudu a shagon unguwa duk shekara yana biyan kuɗin ɗan dako da na dillali da na mai shago gaba ɗaya. Idan ba ka da ƙarfin buhu, ku haɗu gida huɗu ko biyar, ku tura amintacce guda ya sayo, ku raba kuɗin mota, a auna a gaban kowa. Wannan dabara ce ta Annabi Yusuf, wanda Musulmi da Kirista duk sun san ƙissarsa: a ajiye na shekarun yalwa domin na ƙunci, kuma Alƙur'ani ya ambaci har yadda za a ajiye, wato a bar hatsin a zangarniyarsa.

Ajiya tana da ƙa'ida, in ba haka ba ƙwari su riga ka ci. Ka tabbata hatsin ya bushe. Hanya mai sauƙi ita ce ka zuba 'yan ƙwayoyi a busasshiyar kwalba tare da busasshen gishiri, ka rufe ka girgiza, ka bar ta ta ɗan jima. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, sai a sake shanyawa. Ka nemi buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tun farko domin wake. Ana matse iska a ɗaure kowace leda daban, rashin iskar ne yake kashe ƙwarin, ba sai an zuba magani ba. Ka ɗora buhun a kan katako, nesa da bango, inda ɓera ba zai huda shi ba. Ina roƙon kowa ya daina zuba maganin feshin gona ko fiya-fiya a cikin waken da iyali za su ci. Sannan ka sayi na ci, ba na jiran tsada ba. A shekarar 2025 farashin masara ya faɗo, waɗanda suka ranto kuɗi suka tara buhuna don riba suka tafka asara, kuma ko ba don haka ba, ɓoye abinci don a ƙuntata wa jama'a abu ne da addini ya hana.

Wanda yake da ɗan fili a tsakar gida, ko da tsofaffin buhunan siminti ne ya cika da ƙasa da taki, zai iya shuka alayyafo da kuɓewa da yakuwa, ya dasa zogale a jikin katanga. Ba zai ciyar da gida ba, amma zai rage kuɗin kayan miya.

Game da kuɗi, adashe ya girmi duk bankunan da ke kan titin Yakubu Gowon, kuma har yau shi ne jarin mata da ƙananan 'yan kasuwa. Sai dai a zamanin hauhawar farashi akwai abin lura: wanda ya kwasa a ƙarshen zagaye mai tsawon shekara ya karɓi kuɗin da ba su kai darajar waɗanda ya zuba ba. Saboda haka a gajarta zagayen, a rage yawan mutane, a rubuta sunaye da ranakun zubi da na ɗiba a littafi guda biyu, ɗaya a hannun uwar adashe, ɗaya a hannun wani daban. Abin da aka kwasa a mayar da shi abu mai tsayawa, buhun hatsi ko tunkiya ko kayan aiki, kada a bari ya narke a cefane. Wanda yake ajiya a banki kuma ya san cewa tun 2024 hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, tana lamunce wa kowane mai ajiya har naira miliyan 5 a bankunan kasuwanci, da miliyan 2 a ƙananan bankuna masu lasisi.

Ƙunci yana jawo 'yan damfara, domin sun san mai neman mafita ba ya yawan tambaya. An ga abin da MMM, tsarin damfara mai alkawarin riba mai yawa, ta yi wa mutane a ƙarshen 2016, an sake ganin CBEX a watan Afrilun 2025, kuma a tsakaninsu an yi wasu da yawa da sunan noma ko kasuwancin intanet, wasu har da rigar addini. Duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi cikin wata guda, ko ya ce ribarka tana ƙaruwa idan ka kawo wani, to kuɗin na baya yake ba na gaba, kuma ranar rufewa tana nan tafe. Haka bashin manhajojin waya, mai ruwa mai yawa, wanda idan ka makara za su aika wa surukanka da abokan aikinka saƙon cin mutunci. Cacar ƙwallo da matasa suka ɗauka sana'a ita ma ta shiga wannan sahu. Waɗannan abubuwa fata suke sayarwa, amma na ƙarya, kuma wanda ya faɗa musu yakan fito da yanke ƙauna fiye da yadda ya shiga.

Idan kana son ganin juriyar ƙasar nan da idonka, ka shiga Panteka, kasuwar maƙera da masu walda, da hantsi. Za ka tarar da mai walda ya tsuguna yana haɗa injin markaɗe daga ƙarfen da wani ya yar, ga wani yana ƙera murhun gawayi, ga wani yana ƙofar gida, yara almajiran sana'a suna miƙa guduma suna kallon hannun maigidansu. Mutanen nan ba su jira an ɗauke su aiki ba. Darasin da ke nan ga mai albashi shi ne kada gida ya rataya a kan igiya ɗaya. Ka duba abin da tsadar kanta ta sa mutane suke nema: gyara ya fi sayen sabo kasuwa a yanzu, don haka mai gyaran waya, da mai gyaran takalmi, da tela mai rage kaya, da mai haɗa wutar sola, duk suna da aiki. Ka guji sana'ar da kowa ya riga ya cika, kamar kafa tebur na POS a layin da yake da guda biyar. Idan an yi hutun makaranta ka kai yaronka, ko 'yarka, wurin mai sana'a amintacce, ka je da kanka ka gaishe shi ka damƙa masa amana. Ɗalibin da ke babbar makarantar gwamnati kuma ya nemi rancen karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, da aka fara a 2024, wanda ba shi da ruwa, maimakon ya ajiye karatu saboda kuɗin rajista.

Zumunci shi ne inshorar da muka gada, kuma shi ne tsadar rayuwa ta fi yi wa illa a ɓoye, domin mutum yakan daina ziyara don ba shi da abin riƙewa a hannu. Ka je ko da hannu biyu ne, gaisuwa ba ta buƙatar tsaraba. Ka dawo da ciyayya a layinku, inda kowa zai fito da kwanonsa bayan magariba, mai tuwo da mai ɗanwake su ci tare, wanda bai ɗora tukunya ba ya ci ba tare da kowa ya gane ba. Manzon Allah ya yabi Ash'ariyyawa, wata ƙabila daga cikin sahabbansa, saboda idan abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai. Ka lura musamman da masu rufin asiri, irin malamin makaranta da ɗan fansho da bazawara mai marayu, waɗanda ba za su taɓa roƙo ba. A aika musu da dare ta hannun yaro. Iyaye kuma su ji tsoron Allah a kan lefe da kayan ɗaki da gara da anko. Auren da aka ci bashi aka yi shi, da bashin ake tarewa, kuma idan manyan unguwa biyu ko uku suka fara sauƙaƙawa a bikin 'ya'yansu, na ƙasa za su samu bakin magana.

Akwai wani abu da ya shafi Kaduna fiye da sauran garuruwa. Mun ga rikicin 2000 da na 2002, mun ga yadda kogin Kaduna ya zama iyaka tsakanin unguwanni. Yunwa tana sa mutum neman wanda zai ɗora wa laifi, kuma akwai masu cin riba idan aka ɗora wa maƙwabci. Farashin mudun shinkafa ɗaya ne a Rigasa da Sabon Tasha. Kada ka yanke ciniki ko gaisuwa da abokin hulɗarka na ƙetaren gada, kuma kada ka tura saƙon da ba ka tabbatar da shi ba.

Ita zuciya ma tana son kulawa irin ta jiki. Ka ƙayyade lokacin da kake duba labarai a waya, kada su zama abin da ka fara gani da asuba da wanda ka kwana da shi. Majalisar da ba a komai a cikinta sai kukan farashi da zagin shugabanni, ka rage zamanta, domin za ka tashi da nauyin da ba ka zo da shi ba. Ka riƙe ibada, ka yi tafiyar ƙafa, ka yi wa yara bayani daidai hankalinsu cewa an rage wasu abubuwa ne na ɗan lokaci, kada su ɗauka fushin da ke fuskarka laifinsu ne. Idan ka ga kai ko wani naka ya yi makonni ba ya barci, ba ya cin abinci, ya janye daga mutane, ko yana maganar gara mutuwa, wannan ciwo ne, ba raunin imani ba, kuma yana da magani. A haɗa addu'a da ganin likita; Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa domin haka aka gina shi. Wanda ya haura shekara 40 ya riƙa auna hawan jini. Ka kuma bincika tsarin inshorar lafiya na jiha da hukumar KADCHMA ke gudanarwa, domin rashin lafiya guda ɗaya tana iya cinye tattalin shekara.

Haƙurin da muke yi bai sauke wa masu mulki nauyinsu ba, kuma ban yarda a riƙa yabon juriyar talaka don a rufe masa baki ba. Tun da aka cire tallafin mai, kason da jihohi da ƙananan hukumomi suke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru, kuma a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Haƙƙinka ne ka tambayi inda suka tafi. Mun ga yadda zanga-zangar watan Agustan 2024 ta rikiɗe zuwa fasa shaguna har aka sa dokar hana fita a Kaduna da Zariya, kuma masu neman na yau da gobe ne suka kwana da yunwa a kwanakin. Hanyar da ta fi dorewa ita ce mutanen unguwa su zaɓi buƙata guda ɗaya da za a iya gani da ido, misali magani a asibitin sha-ka-tafi, ko gyaran rijiyar burtsatse, ko rufin aji a firamare. A rubuta ta a takarda, mai unguwa da liman da fasto da shugabar mata da na matasa su sa hannu, a kai wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma, a karɓi shaidar cewa an karɓa, a ajiye kwafi. Bayan wata guda a koma a tambaya, idan an yi shiru a kai maganar gidan rediyo a shirin da ake buɗe layi ga masu sauraro, a kuma aika wa ɗan majalisar jiha mai wakiltar mazaɓar da kwafin takardar. Kowa ya adana katin zaɓensa, ya rubuta a littafin lissafinsa abin da aka yi alkawari da ranar da aka yi shi.